Hannun Babanmu da Akwatin Baffa

Babanmu maƙeri ne a Kiru, kamar yadda ubansa ya kasance. Wata shekara, tun Turawa ba su tafi ba, ni kuma gemu ya fara fito mini, jaki ya kayar da shi a hanyar kasuwar Tudun Wada, hannunsa na hagu ya karye. Maɗori ya ɗora, ƙashi ya kama. Amma da aka kwance karan ɗorin sai ga hannu ya ƙanjame, yatsu na motsi, ƙarfi babu. Da hagu maƙeri ke riƙe awartaki, awartaki kuma shi ke riƙe jan ƙarfe. In hannun nan bai dawo ba, Baba ya bar maƙera ke nan har abada.

Ni na raka shi asibiti a Kano, muka hau babbar mota a Kwanar Dangora. Wani malamin asibiti ya kawo akwati mai batir, ya ɗaura wa Baba wayoyi biyu a hannu da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ya kunna, yatsun Baba suka dunƙule da kansu. Ya kashe, ya zauna yana kallon bango. Can ya sake kunnawa. Ni kaina na ƙosa, na tambaye shi me ya hana ya bar wutar ta yi ta aiki mu gama mu tafi.

Ya ce, "Samari, in na bar ta ba hutu, da farko zai damƙe da ƙarfi har ka yi murna. Jim kaɗan naman ya gaji ya saki, ko na ƙara wuta ba zai amsa ba. Hutun nan da ka raina, a nan ƙarfin ke taruwa."

Muka yi makonni a gidan wani ɗan uwa muna zuwa. Baba ya fara riƙe ƙoƙon fura, daga baya har buta cike da ruwa. Aka ce mu koma gida ya riƙa matsa dunƙulen tsumma, mu dawo bayan wata guda, kuma kada ya kusanci wuta tukuna.

Sai Baffa ya shigo maganar. Yayan Baba ne, shi ma maƙeri, mutum ne da bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da nake jin muryarsa. Ya ji labarin akwatin, ya taɓe baki, ya ce ma'aikatan gwamnati ne kawai ke kashe lokaci. A gidanmu akwai doka ɗaya da ake koya wa yaro da rankwashi: in ƙarfe na cikin wuta, mai zuga ba ya tsayawa. Ka tsaya, ƙarfe ya huce, aiki ya koma baya. Da wannan ilimin Baffa ya auna hannun ɗan Adam. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a wuyan ubana aka ɗaura shi.

A kasuwar Kwanar Dangora akwai wani mai akwatin wuta da ake juyawa da hannu, samari na gasar riƙe ƙarafansa biyu a ga wa zai daɗe. Baffa ya aro shi, ya ɗoro a ka har gida. Da hantsi ne, bazara ta kama, manoma sun cika ƙofar maƙera da garemani da fartanyu suna jiran gyara kafin ruwa ya sauka. A gabansu ya zaunar da Baba, ya ɗaura masa wayoyi, ya kama juyawa.

Hannun ya dunƙule, jijiyoyi suka miƙe. Manoma suka yi kabbara. Baffa ya ƙara sauri, gumi na zuba daga haɓarsa. Ina kallo yatsun suka fara rawa, suka soma buɗewa.

Na durƙusa na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, an ce a riƙa barinsa yana hutawa."

Ya ce, "Kai, rufe mini baki! Ka je birni sau ɗaya ka dawo likita? Ina zuga wuta tun uwarka tana goye."

Na dubi Baba. Ya sunkuyar da kai, ya ce mini a hankali, "Bar Yaya ya yi." Ƙani ba ya ja da yayansa a gaban mutane, ko da furfura ta cika masa kai, balle ɗan ƙani. Baffa ya yi ta juyawa har shi kansa ya gaji. Sannan ya kwance wayoyin, ya ce tun hannun bai huce ba a gwada shi. Ya zaro bakin garma ja wur daga wuta, ya danƙa wa Baba awartakin.

Baba ya riƙe. Ya kai ƙarfen kan uwar maƙera, inda ake bugu, ya ɗaga masaba da dama. Bugu na farko yatsun suka saki, ƙarfen ya yi tsalle ya sauka a kan ƙafarsa. Har yau in na ji ƙaurin ganda ana babbaka sai na tuna ƙafar nan.

Ƙafar ta ci damina guda tana ruwa. Hannun kuwa gajiya ce kawai, da an bar shi da ya farfaɗo, na san haka, na faɗa har bakina ya bushe. Amma Baba ya riga ya yarda cewa wutar Bature ce ta tsotse masa ƙarfi, ta asibiti da ta kasuwa duk ɗaya. Ya jefar da dunƙulen tsumman. Na roƙe shi mu koma Kano, na sa limami ya roƙe shi, ya ce ya gama. Hannun ya koma ya ƙanjame, Baffa ya hau kan uwar maƙerar.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, ko sau ɗaya Baffa bai ce ya yi kuskure ba. Ƙaddara ce, in ji shi, mutane kuma suka amsa masa. Na yi kwanaki ban taka zaurensa ba. Wata safiya Baba ya kira ni, yana zaune ƙafa a naɗe, hannun a kan cinya.

Ya ce, "Baffanka ya ɗauko akwatin nan a kansa tun daga Kwanar Dangora saboda ni. Tashi ka je ka yi masa ban gajiya."

Na tashi na je, na durƙusa a gabansa, na ce masa sannu da ƙoƙari.