Djibrilla da Motar da Ba Ta Komawa Baya

Idan makanike ya ce maka gyaran ribas dinari sittin ne, fetur kuma ya kusa zama kyauta, wanne za ka saya? Djibrilla bai yi dogon tunani ba. Ya sayi fetur.

Mutumin Dogon Dutsi ne. Ya sauka Sabha a shekarun da kuɗin mai suka fara malala, lokacin da Balibiye kan ajiye mota ya sayi sabuwa don kawai kujera ta yage. Shekara biyu yana kwaɓa siminti, a ta uku ya sayi wata tsohuwar mota mai ƙofa huɗu a kan dinari ɗari da arba'in. Da ita ya samu aikin da ya riƙe shi da matarsa Saoudé: kwasar magina bakwai daga unguwar Tayuri zuwa gidajen da wani ɗan kwangila, Haj Mohamed, yake ginawa a Manshiya. Sharaɗin Haj ɗaya ne. Ran da magina suka rasa mota, ran nan zai nemi wani direba.

Motar kuwa kowane wata da irin ciwonta. Lawal, Bakanon makanike a Mahdiya, shi ke faɗin farashi, Djibrilla kuma ya nemo hanyar kauce masa. Lagireto na yoyo, dinari goma sha biyu: ya fasa ɗanyen ƙwai biyu a ciki, yoyon ya tsaya. Sitata ta mutu, ashirin da biyar: ya koma kwanar da motar a kan tudun yashi, hanci ƙasa, da safe ta gangara ta tashi, ba ya kuma kashe ta sai magariba. Salansa ta fashe, dinari takwas, ya ce ai ta hutar da shi gyaran oda.

Sai ribas ya tafi.

"Sittin," in ji Lawal, yana goge hannu. "Sai an sauke giyabos gaba ɗaya."

"Sittin! Malam Lawal, motar zan aura ko gyara ta za ka yi?"

"Kai dai biya, mutumin Faransa. Ina ka taɓa ganin motar da ba ta baya?"

"Raƙumi na baya? Ga shi ya kai kakanka Makka."

Ya zauna ya auna. Zagaye unguwa guda don ya juyo da hancin mota bai cin fetur na kuɗin kofin shayi. Kafin zagaye ya cinye dinari sittin, shi da motar sun tsufa. Daga ranar ya haddace Sabha sabuwar hadda: layin da ke ɓullewa, layin da ke toshe, shagon da za a iya wucewa ta gabansa. In Saoudé ta ce ya wuce mai tumatir, sai ya ce, "Yi haƙuri, yanzu za mu sake iske shi," su zagayo ta bayan masallaci.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne saurin ginin zamanin. Wata safiya ya shiga filin sabon gidan da Haj yake gina wa kansa, ya tsaya inda ya saba, gabansa fili fetal. Ya bar inji na aiki, ya tafi cin wake da burodi, hira ta yi daɗi. Da ya dawo, maginan da ya kawo da kansa sun ja katanga a gaban motar har ƙirji. A bayanta kuma tifa ta juye tsakuwa tudu guda, ko turawa ba ta yiwuwa.

"Barka, ba ka ga mota ba?" ya tambayi Barka, shugaban maginan.

"Na gan ta. Igiyar awo ce ba ta gan ta ba."

Aka kira Lawal. Ya leƙa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce gyara a nan ɗari da ashirin, kwana uku, kwashe tsakuwa kuma ba ruwansa. Kwana uku babu mota, aiki ya tafi ke nan.

Haj Mohamed ya iso da azahar cikin doguwar sabuwar motarsa. Djibrilla ya tare shi tun bai fito ba.

"Ya Haj, in ka shigo gidan nan da wannan mota, ta ina za ka fita?"

"Ta inda na shigo."

"Da baya? Kana murɗa wuya, maƙwabta na kallo? Babban mutum ya shiga ta gabas, ya fita ta yamma. Na ajiye tawa a nan ne don ka ga inda ƙofa ta biyu za ta zauna."

Haj ya dubi katanga, ya shafa wuyansa, ya ce, "Bahi." Wato ya yi. Kafin la'asar Barka ya rushe bulo arba'in da ya jera da safe, an kuma biya shi ladan rushewar. Djibrilla ya fita ta sabuwar ƙofa, magina bakwai a ciki, ya kai kowa gida. Gidaje huɗu na gaba da Haj ya gina, duk ƙofa biyu ya sa musu.

Shekara shida ya ƙara yana wannan aiki, bai taɓa sauke giyabos ba.

Gobe in za ka ajiye motarka, duba gabanka tukuna, ka tsaya inda za ka fita ba tare da ka taɓa ribas ba. Gwada na mako guda. Amma ka tambaya ko akwai magina a kusa.