Ni da Surukina a Ajin Malam

Yau shekara guda da rasuwar Malam, tsohon hedimastan da ya buɗe mana ajin Turanci na manya a gindin bedi, nan Kusada. Ni da na tsere daga aji uku, sai ga ni da furfura na koma ɗalibi, don in riƙa karanta takardar asibiti da kaina.

Malam bai yi mana kuɗin goro wajen koyarwa ba, kowa da irin tasa hanyar. Mai nauyin kunne yakan jawo shi kusa, makiyayin cikinmu kuwa sai an rera masa karatun kamar waƙa yake riƙewa. Ni wata biyu ban ce uffan ba, har na yi niyyar dainawa.

Wata la'asar ya tsayar da ni, yatsunsa fari fat da alli.

"Alhaji, kai ba daƙiƙi ba ne. Mijin ɗiyarka ne a benci na biyu, ko?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in karya harshe gaban suruki? Gara bulala goma."

Ya yi dariya har da tari. Daga nan duk Alhamis yakan dogara sanda ya zo zaurena, don ni kaɗai.

Na haɗa shafi guda cur zan karanta masa, sai Alhamis ɗin ta zamo ranar jana'izarsa. Na dawo na karanta wa tabarmarsa, ba mai gyara mini.

Allah Ya gafarta masa, Ya dube shi da rahama yadda ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.