Gardamar Baba Sannu da Littafin Kimiyya

Shekara talatin da ɗaya Baba Sannu ya yi yana tura amalanke daga sito zuwa shaguna. Tafiyarsa ce ta jawo masa sunan, don ko buhu goma ya ɗora ko babu komai, takunsa ɗaya ne. Bai taɓa zama a aji ba, amma da amalanken nan ya sa 'ya'yansa biyar a makaranta, har autarsa ta fito da takardar koyarwa.

Aka ɗauke ta aiki na gwajin wata uku. Lissafi ta karanta, sai aka miƙa mata kimiyyar aji biyu na ƙaramar sakandare. Aka ce ranar Laraba shugabar makaranta za ta zauna a bayan aji ta ga darasinta, daga nan a tabbatar da ita ko a sallame ta.

Ranar Litinin da la'asar ya dawo ya tarar da ita a tsakar gida tana ta maimaita layi ɗaya: abin da ke tafiya ba zai tsaya ba sai wani ƙarfi ya tsayar da shi.

Ya ce, "Auta, wa ya rubuta wannan?"

"Masana, Baba."

"To masanan nan ba su taɓa tura kaya ba. Ni da na saki hannu amalanke yake tsayawa, ko kunyata ba ya ji."

Haddacewa ta yi, ba ta gane ba, kuma ta san cikin yara arba'in ba za a rasa mai bakin Baba ba. Idonta ya ciko.

Bai lallashe ta ba, cewa ya yi ta sa takalmi. A lungunsu mai yashi ya ce ta ingiza amalanken ta saki. Taku biyu amalanken ya yi ya cije. A kan kwalta ya ɗan yi nisa. Da suka isa sito, Baba ya shafa wa tayoyin giris, ta ingiza a kan siminti mai sulɓi, amalanke ya miƙe sai da bango ya tare shi.

Baba ya daɗe yana kallo, yana shafa gemu.

Can ya ce, "Ashe ba gajiya yake yi ba. Ƙasa ce ke riƙe shi. A nan ba ta samu wurin kamawa ba."

"Ita littafin ke kira gogayya, Baba. To da babu mai riƙewar fa?"

"Da sau ɗaya zan tura in koma gida in miƙe ƙafa. Ki ce wa masanan na janye rabin maganata."

Ranar Laraba ta shiga aji da gwangwanin madara, da faranti cike da yashi, da guntuwar tabarma. Da gardamar mahaifinta ta buɗe darasin, ta bar yara suka yi ta musu, sannan suka riƙa gangara gwangwanin suna auna nisansa da taƙi. Shugabar ma sai da ta taso ta gwada.

Da takardar tabbatarwa ta fito, Auta ta durƙusa ta miƙa wa mahaifinta, ta ce, "Na gode, Baba." Ya goge hannunsa a riga, ya riƙe ta ta gefe-gefe don kada ta yi baƙi, ya ce ta karanta masa a hankali, kada ta tsallake ko lambar da ke sama.