Jirgin da Ba Shi da Alƙibla

A tashar bas ta Aziziya da ke Makka, Tasallah tana hararar wani ƙato mai furfura a gemu. Ya tusa hanci cikin littafi mai hoton jirgi yana ratsa taurari. Da ganinsa jikan alhazan ƙasar Hausa ne, haifaffen nan.

"Malam, me ke ciki?"

Ya ji Hausar sarai, amma da Larabci ya amsa, wai jarumai ne ke yaƙi a wata duniya.

"To, can ina suke fuskanta in za su yi salla?"

"Ma adri, ya Hajja." Wai bai sani ba.

Ta taɓe baki. Marubucin ya ƙera jirage da dodanni, ya manta alƙibla. Amma fa ya iya sace hankali, don har bas ta kwashe su Tasallah, gogan bai ɗago ba. To, ya yi ta zama can sama cikin taurarin, ƙasa ba ta yi rashi ba.