Jan Yumɓun Kwarin Manawashi

Ranar wata Litinin ce, a farkon daminar shekarar da na shiga aji ɗaya. Muka iso makaranta muka tarar iskar da aka yi ta yaye kwanon ajinmu ta jefar da shi a gonar gyaɗar wani mutum. Allo ya jiƙe sharkaf, kwaɗi biyu sun riga mu zama a ƙarƙashin teburin malama. Muka tsaya cirko-cirko muna murna a ɓoye, don a tunaninmu hutu ya samu. Malama Rifkatu, wata doguwar mata 'yar Billiri mai yawan dariya, ta leƙa ajin ta ɗaga kai ta kalli sama, sannan ta ce mu bi ta. Ta kai mu gindin wata tsohuwar tsamiya a bayan makaranta, ta share ƙasa da tafin hannunta, ta ce daga yau nan ne ajinmu.

Ban taɓa koyon abu da daɗi irin na watannin nan ba. Da 'ya'yan tsamiya muka koyi ƙirga, da yatsa muka rubuta baƙaƙe a kan yashi, wanda ya yi kuskure ya goge da ƙafa ba tare da kowa ya sani ba. Takan jera mu ta zagaya da mu bakin gonaki tana nuna mana tafasa da rama da ƙarangiya, ta sa mu murza ganye mu shinshina mu faɗi sunansa. Ita ta hana mu taɓa ruwan tumfafiya mu kai ido. Mukan yi rabin sa'a a tsugune muna kallon buzuzu yana fama da ƙwallon kashinsa, tana tsokanar malalatan cikinmu cewa ko shi ya fi su himma. Ni da ƙawata Asabe, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a unguwar Manawashi, mun tara talibambam a gwangwani har sai da Inna ta yi rantsuwar za ta zuba mana su a miya. Asabe 'yar firit ce, ga giɓi, ga surutu, kuma duk abin da na ce shi take yi.

Abu ɗaya Malama ta hana mu, shi ne kwari. Wanda ya san Gombe ya san kwarurrukan nan da ruwa ke haƙawa duk damina, yana cin gonaki da katangun mutane. Namu yana can ƙasa da tsamiyar, zurfinsa ya fi tsayin ɗaki. "Kada in ga ƙafar kowa a ciki," haka take faɗa kusan kullum. "Ruwa ya cinye gaɓar ta ƙasa, saman kawai kuke gani." Ranar da za mu yi gini da yumɓu ma ita take ɗauko shi a bokiti daga wajen wata mai ginin tukwane, mu zauna mu ƙera shanu da tukwane da motocin da ba wanda zai gane motoci ne sai mai su.

To, ni na ga wani jan yumɓu a jikin gaɓar kwarin wata rana da muka bi ta sama za mu ɗebo ruwa, kuma ya tsaya mini a rai. Malama ta ce ranar Juma'a za ta jera abin da ya fi kyau a kan benci kowa ya gani, ni kuwa ina son saniyata ta zama ja, ta fita daban da ta kowa. Ranar Alhamis bayan la'asar aka aike mu famfo, na ce wa Asabe mu ajiye bokitan mu sauka. Ta ce Malama fa ta hana. Na ce mata matsoraciya. Wannan kalma ɗaya ita ta saukar da ita.

Yumɓun yana cikin wani lungu da ruwa ya rarake a gindin gaɓar. Ni ba zan shiga ba don na fi ta jiki, sai ita ta rarrafa ciki da murfin gwangwani tana ƙwaƙulowa tana miƙo mini. Ta miƙo sau uku. Ban ji wata babbar ƙara ba, ƙasa ce kawai ta sauko kamar an zazzage buhu, sai na ga babu lungun. Na yi ta ihu har masu lodin yashi da ke can gaba suka sheƙo da shebur. Sun haƙa iya ƙarfinsu, amma ko da suka fito da ita rai ya yi halinsa.

A ƙofar gidan su Asabe, mutane cike, wani dattijo ya ga jan yumɓu a hannuna ya tsuguna ya tambaye ni, "Malamar nan taku ce ta aike ku, ko?" Na kalli Babana, na kalli baban Asabe da ko tsayuwa ba ya iya yi. Tsoro ya kama ni, sai na gyaɗa kai. Kafin a dawo daga maƙabarta washegari, magana ta gama unguwa cewa malamar da ke yawo da yara a jeji ta tura su kwari.

Malama ta zo ta'aziyya. Mata suka ɗauke kai, ba wadda ta matsa mata a tabarma, ta durƙusa a ƙasa ta yi gaisuwarta. Da za ta fita ta gan ni rakuɓe a zaure, na tabbata za ta tona ni. Sai ta dafa kaina ta ce, "Kin ci abinci kuwa, 'yata?" Ta san gaskiya sarai, amma ba ta yarda ta wanke kanta da yarinya 'yar shekara shida ba. Bayan mako biyu aka ɗauke ta daga makarantar. Mu kuma aka cusa mu cikin 'yan aji biyu, muka zauna a ƙasa kamar kifin gwangwani, aka kafa dokar ba mai wuce baranda.

Yau an zuba siminti a wani sashe na kwarin, gidaje sun cinye gonakin. 'Yata tana wata makaranta mai doguwar katanga a unguwar Malam Inna, filin wasansu shimfiɗe da ciyawar roba. Tana iya faɗin sunan dabbobin ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba, amma ba ta san tafasa ba in ta gan ta. Ina jin takaicin wannan ƙwarai, sai dai ni ce ta farko da ke daka mata tsawa in ta nufi ƙofa. Da na yi hankali na yi cigiyar Malama aka kwatanta mini inda take, na yi ta cewa gobe zan je, jibi zan je, har wata tsohuwar abokiyar aikinta ta shaida mini ta rasu a garinsu. A unguwarmu har yanzu akwai tsofaffin da in an tuna Asabe sai su ambaci sunan Malama da ɗaci. Ba ita ta aike mu ba, ni ce na ja Asabe, kuma wadda ya kamata ta ji na faɗi haka ba ta nan.