Zaliha da Gawayin Ɓawon Albasa

In kun ji ana cewa a Karofane wai Zaliha ɗiyar kawu Mahamud tana dafa matattun wayoyi da ɓawon albasa ta tsiyayo zinariya, ku zauna in ba ku gaskiyar magana, don a bayan motona, wato babur ɗina, aka ɗauko ɓawon. Labarin ya yi ƙarfi har wata tsohuwa a unguwarmu ta daina zubar da ɓawon albasa, ta cika randa biyu ta rufe da faifai. Wani a kasuwar Buza ya rantse ya ga Zaliha da haƙoran zinariya bakwai, duk ƙirar hannunta. Ƙarya ce. Haƙoranta nata ne, har yau da wushiryarta. Kuma ba ni na fara labarin ba, gishiri kawai na ƙara masa a tasha.

Ni ne Gado, ɗan gwaggonta, ɗan kabu-kabu a Madawa. Ni ma na yi lekol har aji shida, kuma saboda son da mushe, wato malaminmu, ke mini sai da ya riƙe ni a ajin shekara biyu. Don haka in ana zancen ilimi a dangi, daga Zaliha sai ni.

Tun tana ƙarama ba ta barin abu da rufinsa. Tana da shekara tara ta kwance rediyon kawu, ta ciro mayen ƙarfen da ke bayan lasifika, ta yi ta jan sa a ƙasa tana tara allurai. Kawu ya yi wata uku yana zuwa sauraren labarai gidan maƙwabci. Ta yi karatu a Buza, ta wuce Tawa, ta wuce Yamai, ta dawo Madawa tana koyar da kimiyya a wata lekol. Mu mun ɗauka an gama. Ashe akwai sauran babban digiri, wanda ba a ba mutum sai ya gano wani abu da hannunsa.

Ga abin da take nema, yadda ta yi mini bayani sau kamar ɗari huɗu. A cikin mayen ƙarfen wayoyi da na 'yan kunnen sauraren waƙa akwai wasu ƙarafa masu tsada da wuyar rarrabewa. Ɗaya sunansa newodim, kamar maganin tari. Sai a niƙa mayen, a narkar da shi a asid, ruwan nan mai cin fata, a fara raba shi da baƙin ƙarfe. Sauran ruwan tsamin da ya rage, a cikinsa newodim ya ɓuya, ido ba ya ganinsa, rariya ba ta tare shi. Sai an bi da ruwan ta cikin wani abu da ƙarfen zai manne masa, kamar yadda ƙarangiya ke kama wando ta bar iska ta wuce. Masu hali suna da irin nasu abin kamun da ake sayowa daga waje. Zaliha ta ce ita da gawayin ɓawon albasa za ta yi, tunda a ƙasarmu ɓawon albasa ko akuya sai ta ga dama.

Lekol ɗin ta ba ta wani ɗan ɗaki a bayan buro, wato ofis. Nan ta kafa dogon bututun gilashi, ta cika shi da garin gawayi, tana zuba ruwan ta sama yana fita ta ƙasa. Tana da wani magani ja-ja da take ɗigawa a abin da ya fito. In ya tsaya ja, gawayi ya kama ƙarfe. In ya juye shuɗi, ƙarfe ya gudu. Wata bakwai shuɗi take gani. Ta sake zafin wutar ƙona ɓawon, shuɗi. Ta rage tsamin ruwan, shuɗi. Ta ce ɓawon kasuwa ne bai da kyau, na tafi har fadama na kwaso mata buhu uku, na dawo ina wari kamar miyar jiya, shuɗi. Abin da ya fi ba ta haushi, in ta jiƙa gawayin a ɗan kofi ta kaɗa, yana kamawa sarai. A bututu ne yake ƙi, kuma bututun ake so.

Sai farfesanta na Yamai ya bugo waya. An riga an ƙara mata shekara guda, babu wani ƙari. In kwalaben gwaji masu kyau ba su isa hannunsa ba kafin ƙarshen wata, za a cire sunanta, aikin shekara uku ya tafi. Saura kwana goma. Ranar na ce mata, "Madam Asid, ko mu koma sayar da albasar?" Ko zagina ba ta yi ba. Nan na san abin ya kai.

Ana haka innata, gwaggonta Jima, ta ji labarin zinariya a wurin suna, ta ce in kai ta ta gani da idonta. Ran kasuwa na ɗauko ta tun daga Karofane, ta kama rigata kamar za ta yage ta. Muka iske Zaliha na sauri, saura minti goma ta shiga aji. Ta kwarara ruwan a bututu, ta buɗe bakin ƙasa, ta ɗauki alli za ta fita.

"Tsaya, ɗiyata," in ji Inna. "Ina zinariyar?"

"Gwaggo, babu zinariya. Ƙaryar ɗanki ta."

"Wanga na sani tun yana goye. To mi kike tacewa?" Ta miƙa yatsa za ta ɗanɗana abin da ke ɗiga. Zaliha ta yi tsalle ta kama hannunta.

"Gwaggo! Zai ci miki harshe!"

Inna ta janye, amma ba ta bar kallon bututun ba. Ta matso da fuska har hancinta na taɓa gilashi. "Haka kike zubawa, gaba ɗaya, ki tahi?"

"Ina da aji. In na dawo sai in iske ya tsane."

"Ya tsane! Ke ba ki taɓa ganin an yi ruwan toka ba?"

Duk wanda ya ci miyar Karofane ya san ruwan tokar Inna, wanda take sa wa a madadin kanwa. Shekara arba'in tana yin sa da tsohuwar tukunya mai huda a gindi. Nan ta tsaya a gaban malamar kimiyya ta karanta mata darasi. A shimfiɗa ciyawa a gindi. A yayyafa wa tokar ruwa tukuna, a sa ta kaɗan-kaɗan ana dannawa. Ruwa kuwa ɗigo-ɗigo, kuma ba a barin saman ya bushe ko sau ɗaya. "In ta bushe sai ta tsage. Ruwa ko malalaci na, in ya samu hanya guda ba ya gaida kowa, bin ta zai yi ya hita salam. Duba nan."

Ta nuna da farce. A jikin gilashin, daga sama har ƙasa, ga wata siririyar tsaga kamar sawun tururuwa. Wata bakwai ruwan na bin ta nan, bai ko haɗu da yawancin gawayin ba. Zaliha ta dafa kai. Ta ce littafi ya faɗa, a layi guda, ita kuma tana can tana zargin wuta da tsami da ɓawona.

Da aka tashi daga aji ta zazzage bututun. Ta sa auduga a gindi, ta dama gawayin da ruwa, tana zubawa Inna na cewa "danna, ba da ƙarfi ba, ba tuwo ba ne." Ta rataya kwalba a sama, ta sa mata robar ƙarin ruwa irin ta likita, yadda ɗigon ba zai yanke ba ko tana aji. Muka zauna muna kallon ɗigo kamar masu jiran wata. Bayan la'asar kofin ya taru. Ta ɗiga maganin.

Ja. Ta sake ɗiba. Ja.

Inna ta rangaɗa guɗar da ta tsayar da awakin kasuwa gaba ɗaya. Ni kuwa ban yi kuka ba, ɓawon albasa ne a ɗakin.

Kwana shida tana maimaitawa. Ta wanke gawayin da asid mai ƙarfi ya sako abin da ya kama, ta tara ɗan gari wanda bai kai tsunkulen gishiri ba. Ni na kai kwalaben tasha a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, na sa su a motar Yamai saura kwana biyu. Injin farfesa ya ce kashi tara cikin goma gawayin ya kama. Bayan wata biyu ta tsaya gaban manyan malamai ta yi bayani, suka miƙe suka ba ta digirinta. A shafin farko na littafin ta rubuta sunan gwaggonta.

Ranar da ta kawo takardar Karofane an yanka kaji, gidan kawu ya cika. Na jira sai da aka yi shiru, na ce, "Jama'a, ku shaida. Karatun Buza, Tawa da Yamai, ƙarshe sai da uwata ta zo ta kwance shi, ita da ba ta taɓa riƙe bik ta yi rubutu ba. A raba takardar nan biyu, rabi gidanmu. Ilimin a nono muke sha."

Zaliha ta ajiye cinyar kazarta, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Gwaggo sau ɗaya ta hwaɗa mini, na kama. Kai shekara talatin da biyar tana zuba maka ɗigo-ɗigo, ko kashi ɗaya cikin goma bai tsaya ba. Zo gobe in duba kanka a haske, mu ga ta inda ya tsage."