Furen da Baffa ya ce a sare

Ni ba mutumin furanni ba ne. Abin da ba a kai shi baka bai taɓa damuna ba. Amma akwai wani furen wardi da ya tsaya a tsakar gidana a Ƙaura, wanda ko na tsufa na rikice ba zan manta ranar da na ɗaukar masa adda ba.

Na uwar yarana ne. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, da ya rasu aka karɓe gidan ma'aikata, abin da ta fito da shi reshe ɗaya ne a cikin tsumma mai laima. Ta dasa shi bayan randa, ta zuba masa kashin tumaki, ta barbaɗa toka saboda gara. Ni aka sa na kewaye shi da ƙaya don awaki, ina yi ina mita. Idan ya yi tsawo ta datse kan, ya ƙara cika. Abin mamakinsa, fure zai buɗe rawaya, kwana ya zaga ya koma ruwan hoda, kafin ya zube ya yi ja wur.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa na tsabtace gidansa, ana ƙone layu da tarkacen bokaye. Sai ga Baffana, yayan mahaifina, ya zo daga Birnin Tsaba ya kwana biyu. Ya ga fure ɗaya rawaya, washegari ya ga ya sauya. Ya kira ni.

"Kai, mi na wanga? Icce ɗaya, launi ukku? Akwai mutanen ɓoye a ciki. Sare shi kahin rana ta hwaɗi."

A gidanmu ba a mayar wa Baffa magana. Na ɗauko adda na zauna ina wasa ta a kan dutse, ina jan lokaci. Uwar yara tana bakin murhu, na ga hawaye a idonta, kuma na san ba na hayaƙi ba ne.

Aka kira La'asar. Baffa ya nemi buta. Uwar yara ta kawo, ta durƙusa, ta ajiye masa kujera dab da gindin furen.

"Baba, nan muke alwala, don kar ruwan ya tafi a banza."

Ya yi bisimilla ya fara. Ruwan na zuba daga gemunsa yana gangarawa gindin iccen. Ya dubi ƙasar, jiƙe sharkaf alhali ana tsakiyar rani.

"Ɗiyata, kullum nan kuke yi?"

"Tun ranar da na dasa shi, Baba. Bai san wani ruwa ba."

Tsohon ya ɗaga kai ya kalli furen. Can ya fashe da dariya har yana tari.

"To ko da aljani a ciki, ai ya daɗe da musulunta. Kai kuma aje addag ga, ka zamna kana ta ƙarar da dutsi."

Na ajiye. Da ya ce sai an sare, da na sare, kuma da ban san da wane ido zan sake kallonta ba. Tun ranar na gane ba a tare babba da gardama. A ba shi wurin zama kusa da abin, ya gani da idonsa, shi da kansa zai sauko.